Saƙon Kuskure Matani Ne, A Karanta Shi

Ɗaliban nazarin harshe a jami'o'in Nijar sun fara shiga wani fage da magabatansu ba su sani ba. Wanda yake rubuta kundin digiri a kan tsawon wasali, ko a kan yadda aikatau ke sauya siga, ko a kan kalmomin aro a jaridu, ba ya son ya zauna da fensir yana ƙirga kalmomi dubu hamsin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya koyi rubuta ƴan layukan umarni da Python, kwamfuta ta yi masa ƙirgar kafin shayi ya huce. Wannan abin maraba ne. Sai dai akwai wurin da kusan kowa ke cijewa, wato ranar da shirin ya tsaya cak, allo ya cika da layuka ashirin ko talatin na Ingilishi, cike da sunayen fayilolin da ɗalibin bai taɓa buɗewa ba da lambobin da bai san daga inda suka fito ba. A nan ɗalibai kan rabu gida biyu. Wasu su rufe kwamfutar, su ce wannan aikin ƴan kimiyyar kwamfuta ne. Wasu su kwafi layin ƙarshe su liƙa a intanet, su karɓi maganin farko da aka miƙo musu, in jan rubutun ya ɓace su ce an gama. Dukkansu abu guda suka guje wa, shi ne karanta abin da aka rubuta musu.

Abin mamakin shi ne su wane ne ke gudun karatun. Mutumin da aka horar ya ɗauki jimlar Kanuri ko ta Tamajak, harshen da bai taɓa ji a gida ba, ya yanka ta ƙwayar ma'ana bayan ƙwayar ma'ana har ya fito da ƙa'idarta, shi ne yake firgita da matanin da bai kai rabin shafi ba, wanda kuma tsarinsa kusan ɗaya ne kullum. Rahoton da Python ke fitarwa idan shiri ya karye, wanda ya dace a kira shi rahoton bin sawu, nau'in rubutu ne mai nahawunsa, mai ƙididdigaggun kalmominsa, mai hanyar karatunsa. Sashen nazarin harshe ya cancanci ya koyar da shi kamar yadda yake koyar da rubutun sauti, domin babu ɗalibin da rashin iya shi zai fi cutarwa kamar wanda bayanan bincikensa Hausa ce.

Shirin kwamfuta jerin aike ne. Maigida ya aiki babban ɗansa ya sayo gishiri, babban ya tura ƙanensa, ƙanen ya tura yaron maƙwabta, yaron ya je ya tarar da kanti a rufe. Idan labari ya dawo gida ana iya ba da shi ta hanya biyu, ko dai a fara daga maigida a gangara zuwa ƙofar kantin, ko a fara daga ƙofar kantin a hauro. Python ta zaɓi ta farko, kuma da bakinta take faɗar haka a layin farko na rahoton, inda take cewa “most recent call last”, wato aiken da aka yi a ƙarshe shi ne a ƙasa. Kowane mataki yana zuwa da sunan fayil, da lambar layi, da sunan aikin da ake ciki, da layin umarnin kansa. A can ƙarshe kuma akwai jimla guda mai gaɓa biyu, sunan irin kuskuren, sannan bayaninsa bayan ɗigo biyu. Daga wannan jimla ake fara karatu. Idan an fahimce ta sai a hauro sannu a hankali, ana duba sunayen fayilolin, har a iso na farko wanda ɗalibin ya rubuta da hannunsa. Galibi nan ne aikinsa yake. Abin da ke ƙarƙashin wannan layi kayan aro ne, umarnin da wasu suka rubuta, jama'a masu yawa suka daɗe suna amfani da shi, da wuya ɓarakar ta kasance a can.

Ba kowace manhaja ke bin wannan tsari ba. ELAN, wadda ake amfani da ita wajen rubuta hirarrakin da aka naɗa, da harshen Java aka gina ta, shi kuwa Java daga ƙofar kanti yake farawa: sunan kuskuren a sama, aiken ƙarshe na biye da shi. Haka ma R take jera matakanta idan aka nemi ta bi sawu. Ɗalibin da ya tashi yana karanta ajami daga dama, boko daga hagu, ba shi ne za a tsorata da wannan ba. Abin da yake buƙata kawai shi ne a gaya masa tun farko cewa ya fara tambayar daga ina ake karanta wannan, kafin ya tambayi me ake nufi.

Duk da haka ba za a ɗora wa ɗalibai laifin gaba ɗaya ba, domin rahoton yana da halin da ke ɓatar da mai karatu. Paul Grice, a aikinsa da aka buga a 1975, ya bayyana cewa masu zance suna sa ran juna za su faɗi gaskiya, su faɗi daidai gwargwadon abin da ake buƙata, su tsaya a kan batu, su kuma yi magana a fili. Idan aka auna rahoton bin sawu da wannan ma'auni, za a ga ba ya ƙarya ko kaɗan, amma yana zuba zance fiye da kima, kuma gaskiyar da yake faɗa ba ita ce mai tambaya yake nema ba. Yana nuna inda na'urar ta faɗi. Inda ta yi tuntuɓe yana iya kasancewa layi hamsin a baya, ko ma a wani fayil da aka adana tun watan jiya. Mai karatu ya saba da abokin zance mai la'akari da halin da yake ciki, sai ya ɗauka layin da aka nuna masa nan ne ciwon yake. Na'urar kuwa ba ta yi wannan alkawari ba. Lambar layi da ta bayar kalmar nuni ce, kamar “nan” da “can”, ba ta da ma'ana sai an san a wane fayil mai maganar yake tsaye.

Misalin da ya fi bayyana wannan ya shafi baƙaƙe masu lanƙwasa, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki. Kwamfuta ba ta adana harafi, lamba take adanawa. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa, tsarin UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne hanyar da aka fi bi wajen rubuta waɗannan lambobi a fayil. A UTF-8 haruffan boko marasa ado, irin su a da b da k, bayit ɗaya kowannensu yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, manya da ƙanana, bayit biyu-biyu suke ci. To, idan ɗalibi ya umarci Python ta buɗe fayil bai faɗi tsarin da aka adana shi da shi ba, a kwamfutar Windows da aka saita da Faransanci ko Ingilishi takan ɗauki wani tsohon tsari mai suna cp1252, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Wannan tsari bayit ɗaya harafi ɗaya ya sani. Yana da é da è da ç, ba shi da ko ɗaya daga cikin baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Sai ya ɗauki bayit biyun da suka haɗu suka zama ƙ ya karanta kowanne shi kaɗai, ƙasa ta koma Æ™asa. Ɗaki da ƙaramin baƙi ya koma É—aki, ɓera ya koma É“era, ƴaƴa su koma Æ´aÆ´a.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk wannan ɓarna Python ba ta ce uffan ba, domin kowane bayit ya sami harafin da ya yi daidai da shi a cp1252, ko da harafin shirme ne. Bayit biyar ne kaɗai ba su da mazauni a wannan tsari, kuma daga cikin baƙaƙen Hausa takwas masu lanƙwasa guda ɗaya tak ne yake ɗauke da irinsu, shi ne babban Ɓ, wanda bayit ɗinsa na biyu shi ne 0x81. Ma'ana shirin yana iya wuce dubban ƙ da ɗ yana lalata su shiru, sai ya zo jimlar da ta fara da Ɓarawo ko Ɓarna, ko ya ci karo da lanƙwasasshiyar alamar rufe zance irin wadda Word ke sawa, sannan ya tsaya, idan a kan Ɓ ne ya ce “UnicodeDecodeError: 'charmap' codec can't decode byte 0x81”, ya ƙara da lambar wani matsayi. Matakin ƙarshe na rahoton kuma fayil ne mai suna cp1252.py, a can cikin hanjin Python.

Ɗalibin da bai iya karatun ba zai yi ɗayan abu biyu, kuma duka biyun ɓata ne. Ko dai ya tafi neman harafin da ke wannan matsayi a matani ya goge shi, alhali lambar bayit take ƙirgawa ba harafi ba, wani lokaci ma daga farkon guntun da aka ɗebo take ƙirga ba daga farkon fayil ba. Ko kuma ya buɗe cp1252.py yana neman abin gyara a fayil ɗin da ba shi da laifi. Wanda ya iya karatun zai ga sunan cp1252 ya tambayi kansa wa ya gayyato wannan tsari, tunda shi da UTF-8 ya adana mataninsa. Zai hauro zuwa layinsa na buɗe fayil, ya ga bai faɗi tsarin ba, ya ƙara encoding="utf-8", magana ta ƙare. Zai kuma gane dalilin da ya sa shirin ya yi aiki lafiya a kwamfutar abokinsa mai Linux ko Mac, inda UTF-8 ne abin da aka saba ɗauka, amma ya ƙi a tasa. Ruwa ba ya tsami banza. Mafi muhimmanci, zai gane cewa duk lissafin da ya yi da wannan shiri kafin ranar, a kan fayilolin da ba a yi dace da babban Ɓ a cikinsu ba, sai an sake shi.

Akwai magani na uku da ke yawo a intanet, wanda ya fi cutar muni, shi ne a ƙara errors="ignore", wato a gaya wa Python duk abin da ta kasa fahimta ta yar da shi ta wuce. Jan rubutu zai ɓace nan take. Idan wajen karanta fayil ne, ƙ za ta ci gaba da zama Æ™, Ɓ kuma ta rasa rabinta. Idan wajen adana sakamako ne a tsarin cp1252, baƙaƙen masu lanƙwasa za su zube gaba ɗaya: ƙasa ta zama asa, faɗa ya zama faa, baƙi ya zama bai. Na ƙarshen nan ya isa ya hana mai nazarin korewa barci, domin duk baƙin da ke cikin rumbun mataninsa, na launi da na baƙunta da na haruffa, zai shiga lissafin “bai” na korewa, kuma babu abin da zai fito a allo ya faɗakar da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akwai kuma masu yanke wahala su mayar da kowace ƙ ta zama k, kowace ɗ ta zama d, domin shirin ya daina kuka. Ɗalibin tsarin sauti da ya yi haka ya haɗe baki da baƙi, kare da ƙare, fada da faɗa, wato ya rushe da hannunsa bambancin da ya kwashe shekarar farko ta jami'a yana koyon tabbatarwa.

Irin wannan hali na kuka a wuri ɗaya da shiru a wurare goma yana sake bayyana wajen neman kalmomi. Littattafan koyon Python da yawa suna nuna yadda ake kamo kalma da ƙa'idar da ke cewa a tattaro haruffa daga a zuwa z. Wannan zango haruffa ashirin da shida ne na Ingilishi, babu ƙ a cikinsa. Idan aka ba shi kalmar ƙofa ya duba daga farkonta, ba zai sami komai ba, sai ya dawo da None, wato babu. Python ba ta ɗauki wannan a matsayin kuskure ba. Sai a layi na gaba, ko na goma a gaba, lokacin da aka nemi a ciro kalmar daga abin da aka kamo, sannan za ta ce “'NoneType' object has no attribute 'group'”. Fassarar wannan a taƙaice ita ce an nemi wani abu daga hannun babu. Tambayar da ta dace ita ce a ina wannan babu ta samo asali, amsar kuma tana sama da layin da rahoton ya nuna. Kalmar da lanƙwasarta ke tsakiya kuwa ba za ta tada ƙura ba: a ba shi baƙi, ya dawo da ba, ya wuce abinsa.

Hamza ma tana da nata rikicin. Python tana amfani da alamar ɗaurin magana guda ɗaya wajen nuna farkon matani da ƙarshensa, ita ce kuma alamar da Hausa ke rubuta hamza da ita. Wanda ya rubuta jama'a tsakanin irin waɗannan alamomi biyu, Python za ta ɗauka matanin ya ƙare a jama, ta ga wani a da ba ta san zamansa ba, ta ga an buɗe sabon matani ba a rufe ba. Wannan mai sauƙi ne, ana ganinsa nan take. Mai wuyar shi ne alamar ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta allon bugawa, akwai lanƙwasasshiya wadda Word ke musanya ta da ita ba tare da ta tambayi kowa ba, akwai ta uku da Unicode ta ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a lamba kuwa uku ne. Ɗalibi ya haɗa ƙamus daga matanin da ya kwaso a intanet, ya nemi ma'ana da ya buga a Word, sai a ce masa KeyError, wato babu wannan kalma a ƙamus, alhali ga ta yana kallo. Rahoton bai yi ƙarya ba. Kalmar da ya nema da wadda ke ciki sun bambanta da harafi guda.

Ɗalibin Nijar yana da ƙarin abin lura a nan. Ƙa'idar rubutun Hausa da hukuma ta tabbatar a ƙasar nan a 1999 tana rubuta ƴ, alhali a Nijeriya hamza da y ake haɗawa. Yawancin matanin Hausa da ke intanet daga can ya fito. Wanda ya gauraya jaridun Kano da littattafan karatu na Maraɗi ko Damagaram a rumbu guda, ya ƙirga kalmar ƴaƴa, zai sami rabonta ya kasu gida biyu ko fiye, gwargwadon irin alamar da kowane marubuci ya buga. Haka masu sa alamar karin sauti: à tana iya zama harafi ɗaya, tana iya zama a da alama a bayanta, su biyu. Dogon wasalin a mai layi a sama da alamar karin ƙasa a kansa kuwa ba shi da harafi guda a Unicode, dole a haɗa. Shirin da ke ƙirga haruffan kalma domin ya yanko wasalin ƙarshe zai yanko alama kawai, ko ya zarce iyaka a ce masa IndexError. Excel da aka saita da Faransanci ma takan raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, ta rubuta uku da rabi da waƙafi, Python kuma waƙafi take jira a na farko, ɗigo a na biyu. Duk waɗannan ba matsalolin lissafi ba ne. Matsalolin ƙa'idar rubutu ne, fagen da ɗalibin harshe ya fi injiniya sani.

Wasu za su ce asalin ciwon shi ne harshen saƙon. Ɗalibi ya yi karatunsa da Faransanci, yana tunani da Hausa, ana yi masa faɗa da Ingilishi, don haka a fassara saƙonnin. Hujja ce mai nauyi, musamman tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma harshen da ba a yi masa kalmomin fasaha ba a bakin ƙofar ɗakin bincike zai tsaya. Amma a dubi abin da ya faru da R, wadda take fassara saƙonninta da yawa zuwa Faransanci. Mai amfani da ita yakan fahimci saƙon da sauri, sai dai idan ya je neman wanda ya taɓa cin karo da irinsa a intanet amsoshin kan yi ƙaranci, shi ya sa ake yawan ba da shawarar a mayar da ita Ingilishi kafin a nemi taimako. Sunayen kurakurai irin su KeyError da IndexError sun fi kama da alamomin rubutun sauti na duniya: ba a fassara su, ana koyon abin da suke wakilta. Waɗanda ɗalibin harshe zai riƙa haɗuwa da su ba su fi goma sha ba. Abin da ya kamata a yi da Hausa shi ne bayaninsu, ɗan ƙamus na shafi uku ko huɗu, kowane suna da ma'anarsa da misalin da aka ɗauko daga matanin Hausa, da tambayar da ya kamata mai karatu ya yi wa kansa idan ya gan shi. Aiki ne da ƙungiyar ɗalibai za ta iya gamawa a zango ɗaya, kuma shi kansa darasi ne na ƙirƙirar kalmomi.

Masu kula da Python su ma sun yarda saƙonninsu na da duhu. Kafin fitowar 3.10 a 2021, wanda ya buɗe baka ya manta bai rufe ba, sau da yawa layin da ke biye ake nuna masa a ce ginin umarninsa ba daidai ba ne, ya yi ta dubawa bai ga komai ba. Tun daga 3.10 ana nuna masa bakar kanta a ce ba a rufe ta ba, kuma idan ya kuskure harafi a sunan wani abu ana tambayarsa ko wane yake nufi. Fitowar 3.11 a 2022 ta ƙara ƴan alamomi a ƙarƙashin layi masu nuna ainihin gaɓar da ta karye. Ɗalibin da yake da zaɓi ya sa sabuwar fitowa. Amma ko wace gyara aka yi, saƙon ba zai taɓa cewa an haɗe baki da baƙi ba, domin na'urar ba ta san kalmomi biyu ba ne.

Wannan ne kuma iyakar manhajojin hira da ɗalibai ke liƙa wa saƙon kuskure yanzu. Suna da amfani, sukan fassara saƙon da kyau, kuma babu dalilin hana kowa tambayarsu. Sai dai abin da aka tambaye su shi suke amsawa. Wanda ya liƙa layin ƙarshe kawai ya ce a kawar masa da shi, yana iya samun amsar da za ta kawar da shi ɗin, tare da rabin baƙaƙen mataninsa. Tambaya mai kyau, ga na'ura ko ga malami ko ga abokin karatu, tana ɗauke da rahoton gaba ɗaya tun daga layin farko, da irin kwamfutar, da fitowar Python, da kuma ɗan guntun matanin da ya jawo matsalar. Samo wannan guntu shi ne rabin aikin, kuma hanyarsa ɗalibin tsarin sauti ya riga ya san ta. Zubin kamantau ne, kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba. A raba fayil biyu a gwada kowane rabi, a sake raba wanda ya karye, har a sauko kan layi guda. Sannan a canza abu ɗaya a layin, a ga ko kuskuren ya tafi. Idan kofa ta wuce ƙofa ta tsaya, an san inda za a duba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda shirin ya tashi, bai san wanne ya yi maganin ba, gobe kuma zai dawo gidan jiya.

Za a iya cewa lokaci bai isa ba, manhajar karatu ta riga ta cika, kuma ba injiniyoyi ake yayewa a sashen harshe ba. Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai kai darasi guda cikakke ba. Zama biyu ko uku a cikin darasin dabarun bincike sun isa, a raba wa ɗalibai rahotannin bin sawu a takarda, babu kwamfuta a gabansu, a ce su ja layi a ƙarƙashin sunan kuskuren, su zagaye fayil ɗin da yake na marubucin shirin, su rubuta da Hausa ko Faransanci abin da na'urar ta yi tsammani da abin da ta samu. Wannan ma ya dace da halin da ake ciki, inda ba kowane ɗalibi ke da kwamfuta ba kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Masu duba kundin digiri kuma suna da haƙƙin su tambayi wanda ya kawo jadawalin yawan kalmomi yadda ya tabbatar baƙaƙensa sun iso lissafi lafiya, kamar yadda suke tambayar wanda ya yi aikin fili su wane ne ya yi hira da su. Jadawalin da ya nuna ƙ ba ta fito ko sau ɗaya ba a matanin Hausa mai shafi ɗari bai kamata ya wuce teburin kowa ba.

Kafin sashe ya yanke shawara, akwai abin da ɗalibi zai iya yi da kansa. Ya tanadi ɗan fayil na gwaji mai layi biyar ko shida, a adane da UTF-8, wanda ya ƙunshi baƙaƙe takwas ɗin masu lanƙwasa, wasu a farkon kalma wasu a tsakiya, da hamza iri uku, da ƴaƴa a rubutun Nijar da na Nijeriya, da wasali mai alamar karin sauti. Duk shirin da ya rubuta ko ya aro, ya fara ba shi wannan fayil ya duba abin da ya fito da idonsa, kalma bayan kalma, kafin ya sake shi a kan rumbun matanin. Kalmar farko ta layin farko kuma ta fara da babban Ɓ. Idan Python ta ɗauki cp1252 a ɓoye, za ta tsaya nan take ta ce ta kasa karanta 0x81 a matsayi na 1, tun kafin ta taɓa ƙ ko guda.